Kifi Na Ƙasa da Inda Ka Gan Shi

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan bakin Gulbin Sakkwato, tsakanin Maradun da Bakura, kafin a gina madatsar Bakolori, ya san gulbin da fuska biyu. Da damina yakan taso tun daga wajajen Funtuwa, ya ratso Gusau, ya iso mana jajawur da laka, ya cika ya batse har ya malale fadamu. A lokacin ko hannunka ka tsoma ba ka ganin yatsunka. Da rani kuwa sai ya janye, ya bar farin yashi da gurabun ruwa nan da can a gindin gaɓa. Laka ta kwanta, ruwa ya tsaya cak, da sassafe kafin shanu su sauko su dama shi kana iya ƙirga tsakuwar da ke ƙasa. A bakin irin waɗannan gurabu na fara karatun abin da daga baya na yi shekaru ina koyarwa a aji, wato yadda haske ke karya hanya idan ya fita daga wani abu ya shiga wani. Malamina na farko a wannan fanni bai taɓa zama a benci ba. Kawuna ne, wan mahaifiyata, masunci a wani ƙauye kusa da Bakura.

Kawu yana da koma da birgi, yana kuma kafa mali a bakin fadama idan ruwa ya fara janyewa, amma abin da ya fi ji da shi mashinsa ne, dogo siriri mai ƙaya a baki. Tun ina ƙarami yake tafiya da ni in riƙe masa gora. Wata safiya cikin hunturu muka tsuguna a kan gaɓa, ya nuna mini wata karfasa da ta tsaya tana kaɗa bindi a hankali.

"Mi kag gani, ɗana?"

"Karfasa, Kawu. Ga ta can daidai wancan dutse."

"Nan ruwa ya aje maka ita. Ita tana ƙasa da nan."

Ya saita bakin mashi inda ni ban ga komai ba sai ruwa, kamar tafin hannu ƙasa da cikin kifin, ya sake shi. Da ya ɗago sai ga karfasa tana mutsu-mutsu. Ya cire ta ya miƙo mini, sannan ya juya mashin ya zura ƙotarsa cikin ruwa a karkace, ya ce in duba da kyau. Na ga sandar ta karye daidai fuskar ruwa, ɓangaren da ke ciki ya ɗago sama, ya kuma gajarce. Ya zaro ta, ga ta miƙe sumul. Ya mayar, ta sake karyewa.

Ƙa'idojinsa uku ne, kuma har yau ban sami littafin da ya ƙaryata ko ɗaya daga ciki ba. In kana tsaye a kan kifi kana kallonsa daga sama, soki inda ka gan shi, amma ka ƙara wa hannunka nisa, don ya fi yadda ka zata zurfi. In daga gefe kake hangensa, soki ƙasa da shi, kuma iya nisanka da shi iya yadda za ka ƙara sauke mashi. Sannan kada ka tunkari gurbi a tsaye. Ka duƙa ka ja jiki, domin kifi na ganinka mai jar koma, amma wanda ya duƙa ya fi ɓace masa. Da na tambaye shi dalili, cewa ya yi halin ruwa ke nan, haka ya gada daga ubansa.

A 1974 aka fara aikin dam ɗin Bakolori. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi ginin, Talata Mafara ta cika da baƙi da manyan motoci. Amma kafin katafila ta taɓa ƙasa a kowane wuri, masu safiyo ne ke fara zuwa. Yayana ya sami aiki da su, shi ne mai riƙe doguwar sandar nan mai lambobi baƙi da ja. Wata rana na kai masa fura, sai mai awon ya ɗaga ni ya ce in leƙa madubin da suka kafa a kan ƙafafu uku. Yayana yana can nesa, da ƙyar nake gane rigarsa, amma da na kafa ido a madubin sai ga shi a gabana, har zufar goshinsa ina gani. Na ɗago kai, ya koma nesa. Babu komai a cikin bututun nan sai 'yan gilasai masu tudu a tsakiya, amma sun ɗauko mutum daga ƙarshen gona sun kawo shi.

Yayana ne ya gaya mini cewa daga sallar asuba suke fara awo, in rana ta take kuma su dakata, saboda lambobin sandar sukan kama rawa a cikin madubi, mai awo ya kasa karanta su. Irin wannan rawa muna ganinta a kan kwaltar da ta taso daga Gusau ta bi ta Mafara zuwa Sakkwato. Da bazara, tsakar rana, sai ka hango ruwa kwance a kan titi yana ƙyalli, har inuwar motar da ke tafe kana gani a cikinsa. Mu yara mukan ruga mu cim masa, shi kuma ya yi ta matsawa gaba. Manya suka ce kawalwalniya ce, malamin tafsiri kuma ya ce an ambace ta a Suratun Nur.

A 1978 aka gama ginin. Bango ne mai tsawon kilomita biyar da rabi, ya tare ruwan da ya kai kubik mita miliyan 450, tafkin ya shafe kimanin hekta 8,000, aka kuma tsara noman rani a hekta 23,000 a ƙasashen Mafara da Bakura da Maradun. Ba ya yiwuwa ɗan wannan yanki ya ambaci Bakolori bai tuna da watan Afrilun 1980 ba, lokacin da manoman da suka tare hanyoyi suna neman diyyar gonakinsu suka gamu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka rasa rayuka da yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Dam ya canza mana abubuwa da yawa, amma akwai guda da ban ji ana maganarsa ba: ya canza mana kamannin ruwa. A da, ruwa mai gudu da zurfi ja ne, kowa na tsoronsa. Ruwa mai haske kuwa tsayayye ne, yara sun san gurabunsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu laka takan kwanta a cikin tafki, ruwan da ke fitowa ta babban kanal da rani sai ya zo da haske, da zurfi, da gudu, duka a haɗe. Idonmu bai saba da irin wannan ruwa ba.

Wata Talata da bazara muna dawowa daga kasuwar Mafara, muka tarar da wasu 'yan mata masu tallar fura sun tsaya a bakin kanal suna wanke kwanuka. Tasar ɗaya daga cikinsu, yarinyar da ba ta wuce shekara goma ba, ta suɓuce ta nutse, ta je ta zauna a ƙasa tana ƙyalli. Na ji da kunnena ta ce da 'yar'uwarta, "Bari in ɗauko, iya ƙirji ne." Mu ma da muke tsaye haka muka gani. Ta ɗaure zane ta sauka. Gefen kanal shafe yake da siminti, a gangare, ga gansakuka. Taku biyu ta yi santsi ya kwashe ta, ruwa ya rufe kanta ruf, ya fara tafiya da ita. 'Yan matan suka sa ihu. Wani dattijo da ke tafe a kan jaki ya diro, ya warware rawaninsa yana gudu a bakin kanal, ya jefa mata. Allah Ya sa da ta ɗago hannunta ya kama, shi da wani saurayi suka jawo ta. Ta sha ruwa, ta yi amai, amma ta rayu.

Da hankali ya kwanta, dattijon ya karɓi wata doguwar gora a hannun wani mai wucewa, ya zura ta tsaye har ta taɓa ƙasa kusa da tasar, ya zaro ya jingina a jikinsa. Jiƙon ya wuce kansa. Bai ce komai ba, ya naɗa jiƙaƙƙen rawaninsa ya hau jaki. Da dare na ba Kawu labari, ya girgiza kai ya ce, "Ruwa garai-garai shi ka cin mutum, ɗana, don shi ka ce maka taho." Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ranar na gane cewa a bakin ruwa ƙimar ido takan gaza, kuma gazawar tana iya cin rai.

Sai da na shiga sakandare a Talata Mafara, a farkon shekarun 1980, na ji dalili. Malaminmu na kimiyya mutumin Indiya ne, kamar yadda malaman kimiyya da yawa suke a tsohuwar Jihar Sakkwato a lokacin. Ya shigo aji da kwanon sha da buta. Ya jefa sule a cikin kwanon, ya ce mu yi ta ja da baya har bakin kwano ya ɓoye mana kuɗin. Muka ja, sule ya ɓace. Ya ce kada kowa ya motsa, ya shiga tsiyaya ruwa a hankali. Sai ga sule yana ɓullowa kaɗan-kaɗan har ya bayyana gaba ɗaya, alhali babu wanda ya taɓa shi. Aji ya kaure da salati. Ni kuwa mashin Kawu na tuna.

Malam ya ce haske yana da gudu, kuma gudun ba ɗaya ba ne a ko'ina. A sarari yana cin kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, a iska ma kusan haka, a cikin ruwa ya sauko zuwa kimanin 225,000, a cikin gilashi kuma kimanin 200,000. In ya faɗa wa ruwa a tsaye, gudu kawai zai rage ya wuce a miƙe. In kuwa a karkace ya zo, dole ya juya. Ya kawo mana misali da amalanken shanu da ya bar ƙasa mai tauri ya shiga yashin gulbi a karkace: ƙafar da ta fara shiga yashi ita ke fara rage gudu, ɗayar tana nan da saurinta, saboda haka amalanken sai ya juya wajen ƙafar da ta fara nutsewa. In zai fita daga yashin kuma sai ya juya ɗaya ɓangaren.

Da wannan komai ya warware. Hasken da ya taso daga jikin kifi yana fitowa daga ruwa sai ya karya, ya kwanto wajen fuskar ruwa kafin ya iso ido. Ido kuwa bai san an yi kwana a hanya ba, a miƙe yake bin haske ya koma, sai ya aje kifin sama da inda yake. Malam ya rubuta 1.33 a allo, ya ce wannan shi ne adadin yadda haske ya fi sauri a iska bisa ga ruwa. Ma'anarsa, in kana kallo daga sama, zurfin kamu huɗu zai yi maka kamar kamu uku. Ruwa mai zurfin mita biyu zai nuna maka mita ɗaya da rabi. In daga gefe kake hange, ragin ya fi haka nesa ba kusa ba, shi ya sa tsakiyar kanal ke yi wa wanda ke tsaye a baki kamar ba ta da zurfi.

Ƙa'idar Kawu ta uku ma akwai lissafinta. Kifi ba ya ganin duniyar sama ta ko'ina a fuskar ruwa. Duk abin da ke waje, daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana shigo masa ne ta wata kewayayyiyar taga da ke bisa kansa, mai faɗin kimanin digiri 97. Bayan tagar nan fuskar ruwa madubi ce gare shi, ƙasan gulbi take nuna masa. Mutumin da ke tsaye a kan gaɓa yana fitowa sosai a cikin tagar. Wanda ya duƙa kuwa hoton nasa a can gefen taga yake faɗawa, a matse, dushi-dushi. Kawalwalniya da rawar lambobin masu safiyo su ma 'yan gida ɗaya ne da wannan, sai dai su iska ce da iska. Kwalta takan gasa iskar da ke kanta ta zama sakayau, haske ya fi gudu a cikinta, saboda haka hasken da ya sauko daga sama a kwance sai ya lanƙwasa ya koma sama ya shiga ido. Abin da muke bi da gudu a kan titi hoton sararin sama ne kwance a ƙasa.

Da aka yi hutu na kai wa Kawu maganar huɗu da uku. Bai amsa ba sai da muka je ruwa. Ya hango wani dutse a ƙasa, ya ƙiyasta da ido, ya zura ƙotar mashi ya zaro ya auna da kamu. Ya sake gwadawa a wani wuri. Sannan ya dube ni ya ce, "Wanga malami naku, ya taɓa su?" Na ce ban sani ba. Ya ce in gaishe shi, in ce masa ya yi gaskiya.

A waɗannan shekaru ne aka kunna famfunan feshi. Kaso mafi girma na gonakin Bakolori an tsara shayar da su ne da bututan da ke watsa ruwa sama yana sauka kamar yayyafi, kafin daga baya su daina aiki. Ranar farko da na raka kakata gona da hantsi, ta ja ta tsaya ta dafa ƙirji. Ga bakan gizo kwance a kan alkama, cikin tsakiyar rani, babu ko ɗigon hadari a sama. A wurin tsofaffi irinta bakan gizo mai shanye ruwan sama ne, in ya fito hadari ya watse. Ta ce, "Maigidana, wannan kuma me ya zo sha?" Na kama hannunta muka zagaya ɗaya gefen, muka fuskanci rana, bakan ya ɓace. Muka dawo muka ba rana baya, ya dawo. Na gaya mata abin da aka koya mana: haske yakan shiga kowane ɗigo ya karya, ya bugi bayan ɗigon ya dawo, ya sake karyawa wajen fita. Farin hasken rana kuwa launuka ne a cakuɗe, kuma kowane launi da iya tasa karyawar, ja ya fi kowa ƙarancinta, shi ya sa suke rabuwa. Suna dawo wa mai kallo a kan kusan digiri 42, don haka sai da hantsi ko da la'asar, rana tana ƙasa-ƙasa a bayanka, kake ganinsa. Kaka ta saurara har ƙarshe, ta ce ikon Allah ya fi gaban mamaki, ta ci gaba da tafiya tana waiwaye.

Azumin 1984 ya faɗo a watan Yuni. Na yi wasu kwanakinsa wajen dangi a ƙasar Maradun, mukan zauna a bakin tafki da yamma muna jiran shan ruwa. A nan na lura cewa rana in ta kusa faɗuwa ba ta zama kewayayya, takan ɗan baje kamar an danne ta daga sama. Dalilin shi ne iskar da ta lulluɓe duniya ita ma tana karya haske, kuma karyawar ta fi ƙarfi a gindin sama. A can tana ɗaga rana da fiye da rabin digiri kaɗan, wato kusan faɗin ranar kanta, tana kuma ɗaga gefen ƙasa fiye da gefen sama, shi ya sa take bajewa. Ke nan lokacin da muke ganin gindin rana ya taɓa ƙasa, a lissafin miƙaƙƙen layi ta riga ta shige. A yankinmu wannan yana ƙara wa yini minti biyu da 'yan kai da yamma, da irinsu da safe. Masu tsara jadawalin lokutan salla sun san da haka, suna sa shi a lissafi, don jadawali ya dace da ɓacewar rana a ido.

Na zama malamin kimiyya ina koyar da dokar karyewar haske da sunan Snell, mutumin Holan da ya gano ta a 1621, domin haka take a littattafan jarrabawa. Sai daga baya na san cewa wani masanin lissafi a Bagadaza, Ibn Sahl, ya rubuta wannan ƙa'ida tun wajen shekarar 984, a wani littafi kan madubai da gilasan da ke tara hasken rana su kunna wuta. Rubutun ya warwatse, wani sashe a Dimashƙu wani a Tehran, har sai da masanin tarihin kimiyya ɗan Masar, Roshdi Rashed, ya haɗa su ya bayyana wa duniya a 1990. Bayan Ibn Sahl sai Hasan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Littafinsa Kitabul Manazir kashi bakwai ne, na bakwai ɗin kan karyewar haske yake, kuma shi ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo, ba ido ke fitar da haske ba. Wajen 1300 kuma Kamaluddin al-Farisi ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya bi sawun haske a cikinsa, ya bayyana yadda bakan gizo ke samuwa.

Akwai labarin Ibn al-Haisam da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗan bakin dam. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya ce zai iya sarrafa ambaliyar Kogin Nilu, Halifa al-Hakim ya gayyato shi Masar, ya tafi har wajen Aswan ya duba kogin da idonsa, ya gane aikin ya fi ƙarfin kayan zamaninsa, ya dawo ya faɗi gaskiya duk da haɗarin da ke ciki. Babbar madatsar Aswan ba ta kammalu ba sai 1970, shekara takwas kacal kafin tamu. Tun da na san waɗannan mutane ban sake shiga wannan darasi ban ambace su ba, kuma na ga yadda ɗalibai ke gyara zama in suka ji cewa ilimin ya taɓa zama da Larabcin da suke karantawa a makarantar allo da ta zaure.

Da tsufa ya kama Kawu, yanar ido ta rufe masa gani. Mutumin da ke hango karfasa daga gaɓa ya koma sai an ja masa sanda. Aka kawo shawarar a kira masu kwantar da yana na gargajiya, na roƙi dangi a dakata. Na yi musu bayani cewa ido kansa da karyewar haske yake aiki. Fatar nan garai-garai ta gaban ido ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na tattara haske, wata 'yar ƙwaya da ke ciki ta ƙarasa, hoto ya sauka a bangon baya. Kawu da kansa ya shaida cewa in ya yi nutso ya buɗe ido ba ya ganin komai sai hazo, da lalube yake kama tarwaɗa. Dalili shi ne gudun haske a ruwa da a fatar ido kusan ɗaya ne, karyawar sai ta kusa ɓacewa. Yanar ido ita ce dusashewar wannan ƙwaya ta ciki. Mai kwantarwa tura ta yake yi ta faɗa cikin ido, haske ya shiga amma babu mai tattara shi, ga haɗarin ciwo. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna wannan al'ada ta yaɗu a Arewa, kuma yawancin idanun da aka yi wa ba su sami gani mai kyau ba. Likita kuwa cire ƙwayar yake yi ya sa ta roba wadda aka auna ƙarfinta daidai da idon. Muka kai shi asibiti a Sakkwato aka yi aiki. Washegari da aka cire bandeji, ya dubi 'ya'yansa ya kira kowa da sunansa, ya kuma yi shekaru yana zuwa masallaci da ƙafarsa kafin Allah Ya karɓi abinsa.

Abin da ya dame ni bayan duk waɗannan shekaru shi ne ratar da muka bari tsakanin aji da bakin ruwa. Na ga ɗalibai da yawa da suka haddace dokar Snell suka ci jarrabawa, amma ba su taɓa sanin cewa abin da masuntan garinsu ke yi da mashi ke nan ba. Na kuma ga yara masu kiwo da 'yan mata masu talla da ke wuni a bakin kanal, waɗanda babu wanda ya taɓa gaya musu cewa ƙasan da suke gani ba a nan take ba. An yi aikin gyaran Bakolori da tallafin Bankin Duniya, ruwa yana gudu a hanyoyinsa, sababbin yara suna tasowa a bakinsa. Wannan darasi ba ya bukatar ɗakin gwaji ko wutar lantarki. Kwano da buta da tsabar kuɗi sun isa, sai doguwar gora da masunci guda da za a gayyato a ba shi girmansa ya yi magana a gaban ɗalibai.

Roƙona ga malaman firamare da na Islamiyya da na allo a Talata Mafara da Bakura da Maradun, da limamai da masu unguwanni, shi ne kowace shekara kafin zafin bazara ya kora yara ruwa, a tara su a nuna musu da idonsu. A sa su ƙiyasta zurfi, sannan a zura gora a auna a gabansu. A koya musu cewa duk zurfin da ido ya ba su, su ƙara masa aƙalla sulusi, in daga gefe suke hange su ƙara fiye da haka, kuma kada su sa ƙafa a ruwan da ba su auna da sanda ba. Yaron da ya koyi wannan ya tsira da ransa, ya kuma sa ƙafa a matakin farko na ilimin da ake ƙera tabarau da madubin likita da na masu safiyo da shi.